Kakana Ya Tafi Bai Ce Na Ci Ba

Tun jiya nake jin ƙarya a kan Kakana, kuma duk daga bakin masu ƙaunarsa take fitowa. Maza a rumfar da aka kafa a ƙofar gida suna cewa malami ne, shi ya koya wa rabin unguwarmu ta Umbadda Turanci. Mata a tsakar gida suna cewa mai haƙuri ne, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Wani dattijo ma rantsuwa ya yi, wai idan marigayi yana Turanci a bayan bango sai ka ɗauka Bature ne. Allah ya saka musu da alheri, sun zo, sun zauna cikin wannan zafin, sun yi masa addu'a. Amma babu wanda ya faɗi daidai. Kaka bai taɓa koya wa kowa ko kalma ɗaya ba. Haƙuri kuwa, ni nan a wurinsa na gaji rashinsa. Turancinsa kuma na asibiti ne, na zamanin Ingilishi, ya tsufa kamar takalminsa. Abin da ya iya ɗaya ne, jarrabawa. Ka zo da abin da ka koyo a wani wuri, ya gwada ka, ya ce ba ka ci ba, ka tafi kana zaginsa a zuci.

Kawu, ƙanen Ummata, wanda ke aikin walda a unguwar Shajara, shi ke tsaye bakin rumfa yana karɓar gaisuwa. Duk wanda ya ɗaga hannu ya ce Fatiha, suka shafa, sai Kawu ya ƙara masa labari ɗaya. Zuwa azahar ɗin jiya Kaka ya zama mai harshe biyar. Mutum ɗaya ne kawai na ji ya faɗi gaskiya, wani maƙwabcinmu na da, wanda yanzu yake aiki a filin jirgi. Na kai shayi bakin zaure na same shi yana share hawaye da gefen rawani, yana cewa, "Tsohon nan ya kayar da ni har na daina gaishe shi. Wallahi na daina gaishe shi." Sai da na ji haka sannan kukana ya zo.

Inna Babba, yayar Umma, ita ke riƙe da tsakar gida. Ita ke cewa wance ta zauna nan, wance ta tashi, a ƙara sukari, a rage gawayi. Da safen nan ta tare ni wajen randuna.

"Na ji wai gobe kina da wata tafiya."

"Jarrabawa ce, Inna. A Jabal Awliya."

"Gobe sadakar uku. Jikarsa ta farko, wadda ya fi so, a ce ta tafi neman aikin Nasara ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba? Ba inda za ki. Kina kan murhu."

"Ba za su sake kira na ba."

"To kar su kira."

Ta wuce. Shi ya sa na samu lungu bayan randunan nake wannan rubutu tsakanin wankin kofuna, da haruffan Turanci, yadda wasu ɗaliban Nijeriya masu zuwa gidanmu suka nuna mini ana rubuta Hausa. Ina so in ajiye mutumin yadda yake kafin su gama mayar da shi wani wanda ban sani ba. Kuma ina so in san abin da zan yi gobe.

Iyayensa a ƙafa suka taso daga ƙasar Kano za su Makka. Suka yi hajji, suka juyo, ƙarfi ya ƙare musu a bakin Nilu, suka zauna. A nan aka haife shi. Yana saurayi ya shiga babban asibiti a matsayin tamarji, mai jinya, yana juya marasa lafiya, yana kwashe abin da ba a faɗa. A bakin likitocin Ingilishi ya tsinci Turanci, shi ya sa ya iya cewa wane bai ci abinci ba, wane ya yi amai, amma da za ka tambaye shi sunan furen da ke ƙofar asibitin bai sani ba, kuma zai ce maka ba ruwansa. Mu jikokinsa a Umbadda aka haife mu, Larabci muke yi a titi, Hausa a gida, amma har yau idan muka je neman aikin gwamnati sai a dubi fuskarmu a ce mu kawo shaidar cewa kakan kakanmu ɗan ƙasa ne. Na je. Na gaji da zuwa.

Babanmu ya rasu ina aji ɗaya na sakandare. Yayana kuwa, bayan sojoji sun karɓi mulki, wata rana aka tsayar da motar da yake ciki aka sauke samari, aka ce hidimar ƙasa. Kudu aka kai su. Ba mu ji ya mutu ba, ba mu ji yana raye ba. Gidan ya rage kan Umma, da butocinta na shayi a gefen titi kusa da Kasuwar Libya. Wanda bai san kasha ba, ita ce ranar da motar 'yan sanda za ta tsaya ba sallama, a kwashe butoci da kujeru da kofuna, a zubar da wuta, wani lokaci a haɗa da mai shayin. Umma ta san cikin motar nan. Ƙafafunta yanzu sun kumbura, ba ta iya gudu.

To da aka ce wata ƙungiyar agaji ta waje tana neman mace mai Larabci da Turanci, ta yi tafinta a ɗakin shan magani na sansanin 'yan gudun hijira a Jabal Awliya, kuma ba sa tambayar kakan kowa, na ɗauka Allah ne ya buɗe ƙofa. Jarrabawarsu uku ce: karatu, rubutu, da hira. Na je karon farko ba tare da na gaya wa Kaka ba. Karatu da rubutu na lallaɓa. Da aka zo hira, wata farar mata ta tambaye ni yadda na zo da safe, sai bakina ya kulle. Turancinmu na makaranta ne, bayan an mayar da komai Larabci, malaminmu ma a allo yake yin sa, ban taɓa jin ya yi wa mutum magana da shi ba. Matar ta ce in je in gyara, za su ba ni dama ɗaya kuma. Damar ita ce gobe.

Da na dawo ranar na faɗa masa, yana zaune kan gadonsa na igiya ƙarƙashin rumfar kara, yana cire ƙaya daga sandarsa.

"Amarya, kin je gidan wani kafin ki zo gidan mijinki?"

Haka yake ce mini tun ina rarrafe, Amarya. Ni kuma Ango nake ce masa, ko Tsoho idan ya ba ni haushi.

"Ango, ba wasa na zo ba. Ka koya mini."

"Ni ba na koyarwa. Ki je ki koyo, ki zo in gani."

"A ina zan koyo?"

"Ina ruwana? Rediyo na nan. Littattafanki na nan. Kunnenki biyu, ni ɗaya ma ba ni da shi cikakke."

Kowa a unguwa ya san wannan tsari nasa. Mai neman aikin otal, mai neman tafiya Saudiyya aikin asibiti, mai son shiga makarantar jinya, duk sai sun fara biyowa ta gaban gadon nan. Ba ya karɓar komai, ko kofin shayi. Kuma ban taɓa jin wanda ya fito daga wurinsa yana murmushi ba.

Jarrabawar karatunsa kwalayen magani ne. Yana da buhu guda a ƙarƙashin gado, fankon kwalaye da takardun cikinsu, yana tsinto su a bayan kantunan magani. Umma ta yi faɗa kan buhun nan har ta gaji, wai yana tara mana kyankyasai. Ya zaro ɗaya ya miƙo mini. Na gyara murya na karanta tun daga sama har ƙasa, ban yi tuntuɓe ba, har ina jin daɗin kaina.

"Na ce ki rera mini waƙa ne?" Ya nuna wata maƙwabciyarmu da ta shigo aron turmi, da tsohon ciki. "Ga ta nan, kanta na ciwo. Ki ba ta ko kar ki ba ta?"

"In ba ta mana. Na ciwon kai ne."

"Sake dubawa."

Can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta kada mai ciki ta sha. Na karanta layin da bakina, ban ji abin da na karanta ba.

"Kin kashe wa mutane ɗa. Saki ɗaya."

Maƙwabciyar ta kwashe da dariya ta ce, "Baba, ka riƙe amaryarka, ni turmi na zo ɗauka." Ni ban yi dariya ba. Sakin da mutumin nan ya yi mini a kan kwalayen nan, da na gaske ne da malaman Omdurman duka ba su iya gyara auren ba.

Ranar Juma'a ɗaliban Nijeriya da ke karatun addini a Hartum sukan zo gidanmu cin tuwo da jin Hausa. Da farko Kaka ya ce in riƙa hira da su da Turanci. Bai yiwu ba. Mu fara, in na maƙale sai ɗalibin ya ce, "Wato kina nufin…" da Hausa, sai ka ji mun koma labarin tsadar albasa. Su ma dariyar Turancin Kaka suke yi. Ɗaya ya taɓa ce masa, "Baba, wannan naka ai tun kafin a haifi babana aka binne shi." Kaka ya yi dariya har da tari ya ce, "To ai ni ma saura kaɗan, sai mu haɗu." Bai ji haushi ba. Ya san gaskiya ce.

Amma ya samo musu amfani. Wani sabon ɗalibi ya iso, bai iya Larabcin titi ba ko na sayen ruwa. Kaka ya ce in rubuta masa kwatancen gidanmu da Turanci, daga tashar Omdurman har ƙofa, abokansa su kai masa, su bar shi ya zo shi kaɗai. In ya iso, na ci rubutu. Na zauna na ƙawata, na sa kalmomi masu nauyi. Na rubuta masa yadda muke kwatance: ya sauka a wajen dogon yaro, ya bi ta gidan mahauci, ya karya a tsohon famfo. Dogon yaron an sare shi an yi gawayi tun ina firamare. Mahaucin ya rasu, gidan ya zama shagon faci. Famfon kuwa ni kaina ban taɓa ganinsa ba, sunan wurin ne kawai. Duk ɗan Umbadda zai kai ka da ido a rufe. Bawan Allahn nan ya zauna cikin mota yana jiran ganin bishiya har aka kai ƙarshen layi, wajen kasuwar raƙuma. Sai bayan la'asar ya shigo, wani mai keken jaki ya kawo shi, ƙafafunsa fari fat, tuwo ya huce.

"Wa kika rubuta wa?" in ji Kaka.

"Shi mana."

"Ƙarya ne. Uwarki kika rubuta wa. Je ki ɗora masa ruwan wanke ƙafa."

Ɗalibin ya ce, "Baba, a yi mata afuwa, Turancin kam ya yi kyau."

"Kai ma da ka mutu a wajen raƙuman ai gawarka za ta yi kyau."

Wannan shi ne mai haƙurin da ake faɗa a tsakar gida.

Amma kar in yi masa irin abin da suke yi, in ɗauki gefe ɗaya. Akwai ranar da kasha ta kwashe wa Umma komai, har tabarmar da take salla, wani ɗan sanda ya ture ta ta faɗi kan garwashi, tafin hannunta ya ƙone. Ta dawo gida ta shige ɗaki. Kaka bai je caji ofis ba, ya san ba abin da zai samo sai zagi. Washegari ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani, ya ɗauki butar shayinsa ta kansa, wadda ba ya bari kowa ya taɓa, da kujerar da yake alwala a kai. Ya ce wa Umma, "Tashi mu je." Ya zauna gefenta a bakin titi kamar wani babban baƙo mai shan shayi. Daga ranar kullum sai ya je. Da motar ta sake zuwa, sauran mata suka watse, shi ya ci gaba da kaɗa cokali a kofi, ya ɗago ya ce wa yaran, "Sannunku da aiki, 'ya'yana. Ku bari in ƙarasa." Suka dubi furfurar, suka wuce kan ta gaba. Ba kullum ya yi aiki ba. Akwai ranar da suka ɗauke butar daga gabansa, rawanin ma ya faɗi ƙasa. Ya karkaɗe, ya naɗa, washegari ya koma da tukunya. Mutum mai shekarunsa, cikin ranar Omdurman. Na ce masa ranar nan za ta kashe shi.

Ya ce, "To ki ci jarrabawarki in zauna a inuwa."

"Kai ne ka ƙi cewa na ci!"

"Don ba ki ci ba."

Rigimarmu babba a asibiti aka yi ta. Ya ce hira ba ta gwaduwa da wanda kuke da wani harshen tsira tare, kuma a garin nan kowa na da Larabci. Don haka wata safiya ya ja ni muka shiga mota zuwa babban asibitin da ya yi aiki, inda masu gadi har yanzu suke ce masa Ammu, wato Baffa. Ya bi ƙarƙashin bishiyoyin da 'yan jinya ke shimfiɗa, yana leƙa fuskoki, har ya tsaya kan wata doguwar mata daga can ƙarshen Kudu, wajen iyaka. Ba ta daɗe da isowa ba, Larabcinta bai wuce sallama ba, amma ta yi makarantar mishan. Jaririya ce a cinyarta, tana wani kuka marar ƙarfi. Tun safe take nan ba wanda ya gane inda za ta.

"Ga ta. Ki gano abin da ya kawo ta."

Ya koma nesa ya zauna kan dutse, ya ɗora haɓa kan sanda.

Na durƙusa, na gaishe ta, na zubo duk jimlolin da na haddace. Ta amsa a hankali, tana neman kalma, tana tsayawa. Ni kuwa tsayawar mutum tana ci mini rai. Kafin ta kai ƙarshe na ce zazzaɓi ne? Jaririyar ba ta barci? Tana amai? Ta gyaɗa kai irin na wanda ya gaji. Na miƙe na kama hannunta zan kai ta layin yara, ina jin yau kam na gama da Tsoho. Sai na ji sanda ta bugi dutse.

"Ba ki ci ba."

Na saki hannun matar na tafi kansa. Mutane na kallo, ban damu ba.

"Daga nan ka ji abin da na ce? Kai da ko kiran salla sai an taɓa ka? Kurma ne kai, Tsoho! Watanni kana kayar da ni, ko kalma ɗaya ba ka ji! Uwata na ƙonewa a titi kana wasa da ni!"

Ban janye ko ɗaya ba har yau. Kurman ne, kuma Umma na ƙonewa.

Bai motsa ba. Ya ce, "Ban ji ba. Me zan yi da bakinki? Hannunta nake kallo. Tunda kika fara surutu hannunta yana ina?"

Na juya. Hannun yana ƙarƙashin mayafinta, dafe da ƙirjinta na hagu. Na koma na zauna a ƙasa, na ce ta faɗa mini, na cije leɓe don kar in sa mata baki. Ta daɗe. Wallahi ta daɗe har na ji kamar in yi ihu. Ashe ita ce ba ta da lafiya. Nonon ya kumbura ya yi ruwa, ɗayan ya ƙafe, jaririyar yunwa take wa kuka. Kunya ta hana ta faɗa da sauri, ni kuma na ba ta hanyar tsira. Na kai ta wajen mata, na yi wa mai jinya bayani da Larabci, aka karɓe ta.

A mota muna dawowa na ce, "To na biyun ai na ci."

"A asibiti wa zai ba ki na biyu?"

Na yi kwanaki ba na kai masa ruwan alwala. Shi kuma ya riƙa aiko Umma ta gaya mini wai yana neman wata amaryar, mai kunne.

Bai samu ya sake gwada ni ba. Makon jiya ya dawo daga bakin titi yana tangaɗi, jikinsa kamar murhu. Muka kai shi asibiti, suka ba da abin da suke da shi, suka ce mu koma gida. Kwana biyu bayan haka hankalinsa ya bar Umbadda. Ya koma ɗakin marasa lafiya na ƙuruciyarsa, yana kan aiki. Umma ta yi masa Hausa, Kawu ya yi masa Larabci, ya dube su kamar 'yan jinya masu damun mutane. Da na shigo da kofi sai ya yunƙura zai miƙe, ya fara ba ni rahoto da Turanci, ya ɗauka ni ce babbar mai jinya. Na gadon bakin taga bai ci komai ba. Na ƙarshe yana neman a juya shi, bayansa ya yi gyambo. A ƙaro bargo. Muryar a shaƙe, kalmomin a warwatse, yana tsayawa ya daɗe. Duk gidan ba mai gane shi sai ni. A hankali na fahimci na bakin tagar shi ne, na ƙarshen ma shi ne. Idan ya ce a juya wancan, sai mu juya shi, ya yi ajiyar zuciya. Idan ya ce wancan na jin ƙishi, sai in ɗiga masa ruwa.

Inna Babba ta tsorata. Ta rufe ƙofa ta ce kada maƙwabta su ji, kar a ce mahaifinta ya cika da harshen Nasara a baki. To ga shi na rubuta, kowa ya ji: da hantsin shekaranjiya ya dawo cikinmu na ɗan lokaci, ya gane Umma, ya kira ta da sunan da yake kiranta tana yarinya, ya yi kalmar shahada da bakinsa, sarai. Ni ma ya gane ni. Na sunkuya daidai kunnensa mai ɗan ji na ce, "Ango, gata ne jarrabawata. Ka ce na ci. Ko da wasa ka ce." Ya dube ni, leɓensa ya motsa, ya ce, "Ruwa." Na ba shi. Shi ke nan abin da na samu.

Kawu yanzu yana gaya wa mutanen rumfa wai wancan rahoton jarrabawar ƙarshe ce Baba ya shirya wa jikarsa, da hikima. Ba hikima ba ce, zazzaɓi ne. Mutumin yana shan wahala ne, ni kuma ina ƙoƙarin gane inda ke masa ciwo. Kar a ƙawata mini shi.

Allah ka yafe masa, ka sanyaya masa makwanci fiye da yadda bakin titin nan ya yi masa. Ka ba shi inuwar da ni ban samu na ba shi ba.

Ɗazu bayan azahar na shiga ɗaki wajen Umma. Tana zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafafun nan, mata sun ɗan ragu. Ranar da Kaka ya kwanta ta fita ita kaɗai, kasha ta zo, ba tsoho a kujera, suka kwashe har tukunyar. Ba ta gaya wa kowa ba sai ni. Idan aka naɗe tabarmin makoki jibi, 'yan'uwa suka koma gidajensu, babu ko buta a gidan nan da za ta fita da ita.

Na ce, "Umma, gobe."

Ba ta dube ni ba. Inna Babba ta shigo a daidai lokacin, ta jefo mini farin tob a cinya, irin lulluɓin da matan gidan mutuwa ke yafawa.

"Ki sa wannan gobe. Manyan baƙi za su zo, ke za ki tsaya kan abinci."

Na ce, "Inna, wa zai ciyar da gidan nan jibi?"

"Allah."

"Ta hannun wa?"

"Ji mini yarinya! Ke, ba ki ji abin da 'yarki ke faɗa mini ba?"

Umma ta dubi tafin hannunta da ya taɓa ƙonewa. Sannan ta ce, "Yaya, ni tun da Baba ya rasu ba na ji sosai."

Inna Babba ta fita tana salati. Za ta gaya wa Kawu, Kawu zai zo ya yi mini wa'azi, matan unguwa za su samu abin taunawa har arba'in. Wataƙila kuma in je bakina ya sake kullewa, in dawo da zagin da faɗuwar duka biyu. Ba ni da wanda ya ce mini na shirya. Wanda zai iya faɗa ya ƙi, kuma ya tafi.

Za ni. Da an sallame asuba zan hura wuta, in ɗora ruwan shayin baƙi, in yanka albasar sadaka in rufe, kar a ce na bar aikina. Sannan in yafa tob ɗin da ta ba ni in fita ta ƙofar baya. Motar farko zuwa Omdurman, in haye gada, in kama ta Jabal Awliya. Matan ofis ma farin tob suke yafawa in za su aiki, ba wanda zai dube ni sau biyu a hanya. Idan farar matar ta tambaye ni yadda na zo da safe, zan gaya mata daga gidan makoki nake, kakana ya rasu, yau ake sadakarsa, kuma ina son aikin nan.